Na Kama Ɗana da Fina-finan Yaran Turawa Marasa Tarbiyya: Shin In Gaya wa Babansa?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan cikin Kano, 'ya'yana huɗu. Na farin namiji ne, shekararsa 16, yana aji biyu a babbar sakandare. Kwanakin baya na shiga ɗakinsa neman caja, na tarar barci ya kwashe shi, fim yana ta yi a wayarsa. Anti, har yanzu in na tuna abin da idona ya gani sai gabana ya faɗi. Yaran Turawa ne sa'anninsa, wasu ma ba su kai shi ba, suna gararamba a gari, suna shan giya da wiwi, suna sata a kanti. Sun taru sun yi wa wani mutum dukan kawo wuƙa suna dariya. Ga lalata da 'yan mata ƙanana wadda bakina ba zai iya faɗa ba. Kuma babu babba ko ɗaya da zai ce musu a bari. Da na tashe shi na rufe shi da faɗa, sai ya ce, "Umma, fim ne fa kawai, kowa a ajinmu ya kalla." Na duba wayar na ga irinsu da yawa, na ƙwace ta. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Sallah yana yi, makaranta ba su taɓa kawo ƙararsa ba, amma ya canja aski, kuma ya fara daɗewa a waje bayan isha'i. Ƙanwarsa mai shekara 13 takan ari wayar ta yi aikin makaranta. Ban gaya wa babansu ba, saboda mutum ne mai zafi, ya sha cewa duk ɗan da ya lalace gidan mari zai kai shi. Anti, ɗana ya lalace ke nan? Me ya sa ma ake yin irin waɗannan fina-finai? Kuma in gaya wa babansa ko in rufe?

Uwa cikin damuwa, Kano

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kwantar miki da hankali, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, tunda ita ce ke hana ki barci. Babansa zai ji maganar nan, babu makawa. Amma ba a yadda take tafasa a ranki yanzu ba. Sai kin san abin da ke gabanki tukuna, domin a yau abu ɗaya kika tabbatar: ɗanki ya kalli abin da bai kamata ya kalla ba. Ba ki tabbatar ya aikata komai ba. Yaron da yake sallarsa, makaranta ba ta kuka da shi, kuma da aka ƙwace masa waya bai ɗaga wa uwarsa murya ba sai dai ya kama bakinsa, ni ban ga hujjar da za a ce ya lalace ba. Ina roƙonki kada ki bari wannan kalma ta fita daga bakinki a gabansa. Bakin uwa kaifi gare shi, kuma yaro in ya ga an riga an yanke masa hukunci, sai ya ji babu sauran mutuncin da zai tsare.

Kin tambayi dalilin da ya sa ake yin irin waɗannan fina-finai. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta za ta yi miki amfani ranar da za ki zauna da shi. Da gangan ba zan kama sunan ko ɗaya ba, kada shafin nan ya zama talla ga yaran da ke leƙa shi.

Wanda ya fi yin suna a cikinsu ya fito ne a Amurka a 1995. Labarin kwana ɗaya ne a birnin New York: wani yaro yana bin 'yan mata ƙanana yana yaudararsu, bai san yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ba, ɗaya daga cikin waɗanda ya ɓata kuma tana yawon nemansa don ta gaya masa sakamakon gwajinta. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin mai ɗaukar hoto ne da ya haura shekara 50. Hukumar da ke sa wa fina-finai alamar shekaru a can ta ba shi alamar da ta fi kowacce tsanani, NC-17, wato yaro mai shekarun ɗanki ba zai shiga gidan kallo ba ko da babansa ne ya riƙo hannunsa. Sai masu rarraba fim ɗin suka zagaye, suka sake shi babu alama. An kashe kimanin dala miliyan ɗaya da rabi wajen yin sa, ya dawo da kusan miliyan 20. A ganina a nan amsarki take. 'Yan kasuwa sun gane cewa nuna lalacewar yara haja ce mai tafiya, manya suna biya don su firgita, yara suna satar kallo don an ce ba nasu ba ne.

Akwai abin da ɗanki bai sani ba game da wancan fim, wanda ya kamata ya sani. Da yawa daga cikin yaran da suka fito a ciki ba 'yan wasa ba ne, a dandalin da suke wasansu aka tsinto su, wasunsu daga gidajen da babu mai kula da su. Ɗaya daga cikin manyan taurarin ya kashe kansa a shekara ta 2000 yana da shekara 25. Wani ya mutu a 2006 yana da shekara 31, sanadin hodar iblis. Ban ce fim ɗin ne ya kashe su ba, da ma rayuwarsu cikin ƙunci take. Amma wasu daga cikin abokansu sun fito daga baya suna ƙorafin cewa an yi kuɗi da rayuwarsu an bar su inda aka same su. Yaron da ke kwance a ɗaki a Kano yana kallo, gayun yake gani da dariyar. Wannan ɓangaren ba ya cikin abin da aka tura masa.

Bayan wancan an yi wasu birjik. An yi wani a Brazil a 2002 kan yaran unguwar talakawa a birnin Rio de Janeiro da suka tashi da bindiga a hannu, har ya shiga takarar kyautar Oscar a rukuni huɗu. An yi wani shiri mai dogon zango a Amurka da ya fara fita a 2019 kan 'yan sakandare da ƙwaya da lalata, wanda mafi yawan masu fitowa a matsayin ɗalibai a cikinsa sun haura shekara 20, kuma jarumar shirin da kanta ta fito a shafinta ta gargaɗi mutane cewa na manya ne. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ce duka shirme ba ne. Wasu an yi su ne don a tona asirin talauci da sakacin hukuma da na iyaye, kuma babba mai hankali zai iya kallo ya tashi da hawaye. Sai dai abin da ɗan shekara 40 ya kalla ya ga gargaɗi, ɗan shekara 16 yakan kalla ya ga burgewa. Masana sun tabbatar ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke auna sakamako da danne zuciya ba ya gama nuna sai mutum ya doshi shekara 25. Don haka awa ɗaya da rabi na shagali yana shiga yaro sosai, minti biyar na nadama a ƙarshe kuwa sau da yawa barci ma ya riga ya kwashe shi, kamar yadda kika tarar da naki.

Kin lura da abin da ya fi komai a wasiƙarki, da kika ce babu babba ko ɗaya mai cewa a bari. Marubucin ne ya cire su. Da uwa za ta shigo ta ce ina za ka da daren nan, da labarin ya mutu. Kuma ba hoton rayuwar yaran can ba ne gaba ɗaya. Yawancinsu makaranta suke zuwa, su dawo a sa su aikin gida, a yi musu faɗa kamar yadda kike yi. Ƙididdigar hukumomin lafiya na Amurka ta nuna yawan 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 da ke haihuwa ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 daga 1991 zuwa yanzu. Wato a shekarun da fina-finan ke ƙara muni, wannan ɓarnar raguwa take yi a zahiri. Ya kamata ɗanki ya ji wannan, domin babbar ƙaryar da fim ɗin ke shuka masa ita ce haka duniyar wayewa take, kowa na yi, shi kaɗai aka bari a baya.

To shin kallo yana cutarwa? Ban yarda da mai cewa fim ne kawai ba, kuma ban yarda da mai cewa duk wanda ya kalla ya gama yawo ba. A 2012 babban jami'in lafiyar al'umma na Amurka ya fitar da rahoto yana cewa ganin ana shan taba a fina-finai yana daga cikin abubuwan da ke sa matasa fara sha. A 2024 hukumar tace fina-finai ta ƙasa a nan Najeriya ita ma ta sanar da ƙa'idojin hana ƙawata shan taba a fim. Idan hayaƙin sigari a allo yana da wannan tasiri, ba za mu ce sauran abubuwan ba su da shi ba. Amma ba ya mayar da yaron kirki ɗan daba a dare ɗaya. Aikinsa kamar ruwan da ke kwanciya a gindin katangar ƙasa ne, ba ranar da aka yi ruwan take faɗuwa ba. Ido ya saba, ƙyamar abin ta ragu, dukan mutum ya zama abin dariya, mace ta zama abin farauta da ake ƙirgawa a majalisa. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna a kan yaro namiji, domin yana iya girma bai taɓa kurɓar komai ba, amma ya shiga gidan aurensa da wannan idon.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ainihin maganar take. Tun 1937 aka buɗe gidan silima na farko a Kano, kuma tun lokacin iyaye da malamai ke kai ruwa rana da 'ya'yansu a kan kallo. Amma a zamanin Plaza da Orion da Eldorado, sai yaro ya sulale daga gida, ya nemo kuɗin tikiti, ya bi layi, kuma da wuya ya dawo wani ɗan unguwa bai gan shi ba. Yau shagon turi yana bakin layi, a cika maka waya da 'yan canji kaɗan, wanda bai je ba abokinsa ya tura masa ta Xender a bayan aji, ko ya sauke daga Telegram. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran furodusan Kannywood ta tuhume shi, tana iya rufe shago, amma abin da yaro ya tura wa yaro a aljihu ya fi ƙarfinta. Saboda haka da ya ce miki kowa a ajinsu ya kalla, wataƙila ya ƙara gishiri, amma bai yi nisa da gaskiya ba.

Kuma abin da ke cikin fim ɗin ba sai an je New York ake ganin sa ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kimanin mutum miliyan 14.3, wato kusan ɗaya cikin bakwai. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano. Faɗan daba da ƙwacen waya kuwa babu wanda ke zaune a garin nan da za a ba shi labari. Wanda zai fara miƙa wa yaro kwalba ko ƙwaya ba a cikin waya yake ba, a kan benci yake, kuma yawanci abokinsa ne da ya yarda da shi. Shi ya sa in da ni ce ke, ba wayar ce za ta fi cin hankalina ba. Abin da zan fi son sani shi ne wa ya tura masa, kuma da wa yake zama bayan isha'i.

Askin bai dame ni ba sosai, in dai ba wanda makaranta ko babansa suka hana ba ne. Yaro a wannan shekarun yana son a san ya girma. Daɗewa a waje da dare ita ce abin bi. Ki san wurin, ki san sunayen abokan da gidajensu. Ba sai kin sa masa ɗan leƙen asiri ba, mai shagon bakin layi da maƙwabciyarki da ladanin masallacinku sun san wanda ke zama da wa. Ki kuma sa ido a jikinsa: barcin da ya wuce kima da rana, jan ido, maganar da ke ja ko harɗewa, ƙin cin abinci ko cin da ya wuce saninki, ɓacewar kuɗi ko ƙananan kaya a gida, kuɗin da ba ki san inda ya samo ba, fesa turare da tauna cingam duk lokacin da zai shigo, saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce. In sun taru, sannan magana ta canja.

Sai zancen gabar da ke tsakaninku. 'Yar'uwa, ke za ki karya ta, kuma cikin kwanakin nan. Na san ɗan fari ne, na san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari a gidajenmu, wata ko sunansa ba ta iya kamawa. Al'ada ce mai kyau a wurinta, amma ta sa 'ya'yan fari da yawa sun tashi babu wanda suke buɗe wa ciki. Shirun da yake yi ba lallai taurin kai ba ne. Ki tuna abin da ya faru ta ɓangarensa: ya buɗe ido ya ga mahaifiyarsa riƙe da wayarsa, ta ga abin da ya fi jin kunyar a gani. Mai yiwuwa kunya ce ta hana shi haɗa ido da ke, kuma yaron da har yanzu yake jin kunyar uwarsa, da sauran alheri mai yawa a tare da shi.

Akwai hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama, wanda nake so ki riƙe. Wani saurayi ya zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa da tsawa. Annabi ya ce ya matso kusa, ya zauna. Ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa, ko innarsa. Kowacce saurayin ya ce a'a, Annabi yana ce masa haka su ma mutane ba sa so wa nasu. Sannan ya ɗora masa hannu ya roƙi Allah ya gafarta masa, ya tsarkake zuciyarsa, ya kare shi daga alfasha. Wannan saurayin da bakinsa ya nemi ya aikata, naki kallo ya yi. In wancan ya samu a ce masa matso kusa, naki ya fi cancanta.

Ki zaɓi lokacin da ƙannensa ba sa nan. Ki kira shi da sunan da kike kiransa in kina jin daɗinsa, ki sa shi wani ɗan aiki kusa da ke, don magana ta fi sauƙin fita in hannu yana motsi kuma ba a kallon juna. Ki gaya masa gaskiya cewa abin ya tsorata ki, kuma har yanzu ba ki yarda da shi ba. Sannan ki yi tambaya ki yi shiru. Wa ya tura maka? Me ya burge ka a ciki? A cikin yaran nan wanne kake ganin ya fi kowa? Ina ya ƙare? Yarinyar nan da aka yi wa haka, da ƙanwarka ce fa? In ya ce abin da bai yi miki daɗi ba, ki daure ki bar shi ya kai aya, don daga amsarsa za ki gane ko son sani ne kawai ya kai shi, ko akwai wanda yake koyi da shi. In ya ambaci sunan aboki, kada ki ɗauki mayafi ki nufi gidansu a ranar. In kika yi haka, ba zai ƙara gaya miki komai ba.

Akwai ɓangaren da ba naki ba ne. Maganar sha'awa da balaga, da wuya ɗan shekara 16 ya yi ta da mahaifiyarsa, kuma bai kamata a tilasta shi ba. Ki nemo namijin da yake sakin jiki da shi, ƙaninki ko ƙanin babansa, ko malaminsa na Islamiyya mai sauƙin kai wanda ba zai mayar da abin wa'azi a gaban aji ba. Kawu yakan yi abin da uba ba zai iya ba, don yaro ba ya tsoronsa kuma yana jin maganarsa.

Bayan kin yi wannan zaman, kada ki ɗau lokaci ba ki gaya wa babansa ba. Ɗansa ne, amanar a wuyanku take ku biyu, kuma ko ba jima ko ba daɗe zai tambayi ina wayar take. In ya ji daga waje, ko ya gane kin ɓoye, laifin zai zama biyu, fushin ya haɗa da ke. Ba lokacin da ya shigo daga kasuwa a gajiye ba, ba kuma a gaban yara ba. Ki bari ya ci abinci ya huta. Ki fara da abin da kika tabbatar na alheri, sallar yaron da makarantarsa, sannan ki ce kin ga fina-finan da ba su dace ba a wayarsa, kin yi masa magana, ga abin da ya ce. Ba sai kin zayyana masa abin da idonki ya gani dalla-dalla ba. Kuma ki zo da abin da kike so ya yi, domin namiji mai zafi in aka kawo masa matsala babu aikin yi a ciki, hannunsa kan bulala yake faɗawa. Ki ce kina so ya riƙa tafiya da shi masallaci da asuba, ya riƙa ɗaukar sa wajen sana'arsa ranar Asabar, ya sa masa lokacin shigowa gida da bakinsa. In kin san duk da haka zai hau, ki fara bi ta wanda yake jin nauyi, mahaifiyarsa ko yayansa ko amininsa.

Gidan mari kuwa, ki tsaya tsayin daka, cikin ladabi, ki ce a'a. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fitar da mutum kusan 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa da tabon duka a baya, wasu suna ba da labarin lalatar da aka yi da su a ciki. Ba a daɗe ba aka bankaɗo wani a Daura. Yaron da laifinsa kallo ne, in aka kulle shi da waɗanda suka daɗe a harkar ƙwaya, zai fito ya san abin da fim bai koya masa ba, kuma da ƙullin da zai daɗe bai yafe ba. Ko da bincikenki ya nuna ya fara taɓa wani abu, Allah ya kiyaye, wurin zuwa asibiti ne. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA tana da masu ba da shawara ga iyaye da yara, ba kamu kaɗai take yi ba.

Wayar fa? Ki mayar masa, bayan kun yi magana da babansa. Na san wasu za su ce na yi sassauci. Amma yaron da aka hana waya gaba ɗaya a garin nan, a ta abokinsa zai kalla, a wurin da ba kya gani, ko ya tara kuɗin tara ya sayi tsohuwa a kasuwar waya ta Farm Centre ya ɓoye. Gara wadda kika sani. A goge fina-finan a gabanki, da hannunsa. Babu lambar kulle da ba ki sani ba. Da ƙarfe goma na dare waya ta kwana a ɗakinki, kuma wannan doka ta hau kan duk yaran gidan, kada ya ga shi kaɗai aka tsana. Akwai manhajar Family Link ta Google da ke ba iyaye damar iyakance lokaci da abin da ake saukewa, wani mai gyaran waya da kika yarda da shi zai iya sa miki, ko da yake yaran yanzu sukan san hanyar zagaye ta, don haka kada ki jingina da ita ki yi barci. Ke ma ki koyi alamomin: in kin ga 18, ko R, ko TV-MA a jikin fim, masu shi da kansu sun ce ba na yara ba ne. Kafin a goge komai, ki duba zaurukan WhatsApp da Telegram da yake ciki. In kika tarar ana yawo da bidiyon 'yan mata na gaske, 'yan makaranta ko 'yan unguwa, wannan ya wuce zancen fim. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta riƙe ko yaɗa hotunan batsa na yara, kuma akwai ɗauri a kai. Dole ya fita daga irin wannan zaure a take, kuma ya san dalili.

In kin rage masa kallo da zaman dare, sai kin cike gurbin, in ba haka ba zai koma. Yaro mai shekara 16 ƙarfi ne da shi da son a yaba masa. Ƙwallo da yamma a ƙungiyar da ke da koci, koyon gyaran waya ko ɗinki ko walda a hutu, tsaron shago a Kwari ko Singa wajen wani ɗan'uwa, hadda in yana da sha'awa. Ki tambaye shi wanne yake so, kada ki zaɓa masa. Kuma kallon ma kada a ce an haramta shi gaba ɗaya, a bar masa ƙwallonsa da fina-finan da za a iya kunnawa a falo kowa yana zaune.

Ƙanwarsa ita ce kika ambata a layi ɗaya kika wuce, ni kuwa ta tsaya mini a rai. Daga yau ta daina aron wayarsa, ta yi aikin makarantarta a taki, a kusa da ke. Ki same ta ita kaɗai, ba da sigar tuhuma ba, ki tambaye ta ko ta taɓa cin karo da wani abu a wayar da ya dame ta. In ta ce e, kada ki nuna firgita, ki bar ta ta faɗi abin da ta gani, ki gaya mata ba laifinta ba ne. Shekara 13 lokaci ne da ya kamata ta ji daga bakinki yadda masu yaudarar yara mata ke magana, irin alkawarin da suke yi, irin kyautar da suke fara bayarwa, da cewa duk wanda ya ce mata kada ki gaya wa Umma, to wannan maganar ce za ta fara kawo miki. Kuma kada ki gaya mata laifin yayanta, girmansa a idonta abu ne da za ku buƙata nan gaba.

In kin yi zaman da shi, ki sake rubuto mini abin da ya ce game da wanda ya tura masa da inda yake zama da dare, sai mu san abin da za a yi game da abokan.